Yadda ake wasan ƙamus a waya, daga tono kalma zuwa ƙidayar maki

Wasan ƙamus na masu son magana ne. Mutum ɗaya ya tono wata kalma a ƙamus wadda ba wanda ya taɓa jin ta, kowa ya koma gefe ya ƙago mata ma'ana daga kansa, a cakuɗa ƙagaggun da ta gaskiyar, sannan a ce kowa ya nuna wacce ce ta ƙamus. Wanda ya gano ta gaskiya ya ci maki. Wanda ƙaryarsa ta ruɗi jama'a shi ma ya ci, sau da yawa ma ya fi mai ganowar ci.

Turawa sun daɗe suna yin sa a falo da takarda da alƙalami. BBC ta mayar da shi shirin talabijin mai suna Call My Bluff a 1965, a Kanada aka sa shi a kwali ana sayarwa da sunan Balderdash a 1984, a 1989 kuma wasu suka fara buga shi ta kwamfuta a CompuServe, wani tsohon dandalin sadarwa na Amurka, suka kira nasu Dixonary, suka shekara da shekaru suna yi. Wanda ya yi makarantar Faransanci a Garwa ta Kamaru ko Injamena ta Cadi wataƙila ya taɓa jin sa da sunan jeu du dictionnaire. Mu ba sabon abu ba ne gare mu ƙwarai, tunda mun tashi da kacici-kacici, sai dai a nan kowa ne ke ɗaure kowa.

Wasan ya dace da mu saboda rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma ba sai kowa ya hau a lokaci ɗaya ba. Amma ku sani tun yanzu, daɗinsa ko lalacewarsa na hannun mutum ɗaya, wato mai tono kalma ya tattara ma'anoni, wanda za mu kira alƙali. Saboda haka yawancin bayanin nan a kansa zai tsaya.

Tara 'yan wasa

Mutum 6 zuwa 12 ne daidai. In ba ku kai 5 ba, ma'anonin sun yi kaɗan, kowa ya san bakin kowa, sai a riƙa gano ta gaskiya ta hanyar tsame na abokai. In kun haura 15 jerin ya yi tsawo, mai ƙaramar waya ya gaji da karatu ya zaɓi ta farko ya huta.

Ku buɗe sabon zaure a WhatsApp ko Telegram don wasan kaɗai. Kada ku yi shi a zauren dangi ko na 'yan unguwa, domin sanarwar suna da ta'aziyya da hotunan barka da Juma'a za su binne jerin kafin rabin mutane su gani. Ku nemo mutanen da sana'arsu ta bambanta: tela, direba, malamar makaranta, mai shago, ɗalibi. Kowa da irin ƙaryar da ta dace da bakinsa. Dattijo ɗaya ko biyu na ƙara armashi, sai dai ku shirya, su ne za su riƙa kashe muku kalmomi, don rabin abin da za ku tono sun gan shi da idonsu a gidan kakanninsu. Suruki da surukinsa kuwa gara a raba musu zaure. Ranar da za a bayyana cewa ƙaryar yaron ce ta kayar da baban matarsa, ba wanda zai ji daɗin dariyar.

Ku yanke lokaci tun ranar farko: awa 24 na aiko ma'ana, awa 24 na zaɓe, a rufe kowanne da ƙarfe 9 na dare, bayan an idar da Isha'i an ci tuwo. Ya yi kama da jinkiri, amma wanda wuta ta ɗauke masa wayarsa ta mutu, ko wanda ke kan hanyar Marwa zuwa Kusuri rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana ɗaukewa, zai gode muku. Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya. In kuna da ɗan'uwa a Sudan yana gabanku da awa 1, na Saudiyya da awa 2, sai a faɗa masa da agogon gida ake aiki.

Wane ƙamus

Dole a sami littafin da kowa ya yarda shi ne mai raba gardama. Mafi sauƙin aiki shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, na 2006, saboda bayaninsa da Hausa yake. Mafi yawan baƙin kalmomi kuwa shi ne na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, mai kalmomi wajen 39,000, kuma yakan nuna wadda ta Katsina ce ko ta Sakkwato. Yana intanet kyauta, ana iya bincika shi a waya. Matsalarsa bayaninsa da Ingilishi yake, mu kuma a nan arewacin Kamaru da Cadi yawancinmu Faransanci muka yi, saboda haka alƙalin da zai yi aiki da shi sai ya iya fassarawa, ko ya sami wanda ba ya cikin wasan ya taya shi. Na R. C. Abraham na 1949 ma da Ingilishi bayaninsa yake.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne alƙali ya ɗauko ma'ana daga manhajojin nan masu amsa tambaya. In kalmar Hausa ta yi musu nisa sukan ƙago mata ma'ana su faɗa da ƙarfin gwiwa, sai a wayi gari duk jerin ba gaskiya ko ɗaya. Tsohuwarka ta fi su, amma ita ma in ta ba ka kalma ka nemo ta a littafi kafin ka kawo, don ranar gardama hoton shafi za ka nuna.

Tono kalma

A nan ne garuruwanmu suka bambanta da Kano ko Zariya. Mutumin Garwa ko Marwa yana jin Hausa, yana jin Fulatanci, yana jin Faransanci, na Kusuri da Injamena ya ƙara da Larabcin Cadi, wani ma da Barbarci. Kalmar da za ta ɗaure yaron birnin Kano, a nan wani harshen zai kwance ta nan take. Ka kawo "burtali", duk mai jin Fulatanci zai ji burtol a ciki, ya san hanyar shanu ce tsakanin gonaki. Ka kawo "albarus", mai Larabci ya cire al ɗin ya ji barud, ya ce maka garin bindiga ne. Yawancin kalmomin da suka fara da al haka suke, ka bar su. Kafin ka tsayar da kalma, ka furta ta da ƙarfi ka saurara ko wani harshen garin yana leƙowa ta cikinta.

Wuraren da ake samun kalmomi masu kyau su ne sana'o'in da suka ja baya. Kaɗi da saƙa na da taskira da mazari da kwarkwaro. Ƙira na da masaba da awartaki. Ginin ƙasa na da azara da indararo da makuba. Kayan doki na da majayi da likkafa da jalala, sai dai in a zaurenku akwai mai hawa a tawagar Lamiɗo ranar sallah, wannan fannin ya rufu. Sunayen dabbobi ma na yi, amma ka lura da inda kake: "ayu" zai wahalar da mutumin tudu, ɗan bakin Binuwai ko wanda ya san tafkin Lere a Cadi kuwa dariya zai yi maka.

Kalmar ta zama mai ma'anar da za a faɗa a layi ɗaya, mai ɗan abin kamawa. In ƙamus bai ce komai ba sai "wata irin ciyawa", wuce ta, don mutum uku za su rubuta haka da ka, a rasa na ba maki. In tana da ma'ana biyu, kamar "zabiya" da ke nufin mai farar fata jawur kuma take nufin mawaƙiya, ka tabbata duka biyun baƙi ne ga jama'a, sannan ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Akwai waɗanda ba a taɓawa ko da sun cika duk sharuɗɗan. Kalmomin Alƙur'ani da na ibada ba a ƙaga musu ma'ana. Batsa ba ta shiga. Tsofaffin ƙamusoshin nan kuma cike suke da kalmomin zamanin bauta da sunayen raini da ake kiran wasu ƙabilu, kuma jikokin waɗanda ake nufi suna zaune a zaurenku. Ka gan su ka wuce.

Ka tono guda 3 ka ajiye, domin ta farko takan mutu.

Sanarwa, da maganar "na san ta"

Alƙali ya rubuta a zaure, gajere: "Salamu alaikum jama'a. Kalmar yau: MAKUBA. Wanda ya san ta ya gaya mini a gefe yanzu. A aiko ma'anoni ta lambata kafin ƙarfe 9 na daren gobe." Ya rubuta ta da ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ inda suke, don "kafa" daban "ƙafa" daban. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a saka shi a huta. In akwai shakkar yadda ake furta ta, ya bi da muryarsa ya faɗe ta sau biyu, ba tare da ya sa ta a jimla ba.

Wanda ya san kalmar ya faɗa wa alƙali a keɓe, tare da abin da yake zaton tana nufi, domin da yawa masu cewa sun sani ba su sani ba. In ya dace, yana iya aiko ƙaryarsa ya ci makin ruɗin mutane, amma ba zai yi zaɓe ba. In waɗanda suka sani sun kai 2 ko 3 a awannin farko, alƙali ya janye kalmar ya kawo ta biyu. Babu makin da ake ba mutum don ya san kalma. Wasu na bayarwa, ni ina ganin hakan na kwaɗaita wa mutane leƙen ƙamus.

Kowa ya aika ma'ana ɗaya, ta lambar alƙali. Wanda hannu ya kuɓuce masa ya tura a zaure, ya goge ya sake ƙago wata, don an riga an gani. Wanda rubutun boko ke ba shi wahala ya aika da murya, alƙali ya rubuta masa.

Aikin alƙali na gaske

Ma'anoni sun taru, kowacce da kamannin mai ita. Ɗalibin jami'ar Ngaundere ya rubuto layi huɗu da waƙafi da aya. Mai shago ya rubuto "kudin da ake ba dillali in tchiniki ya watse", direba ya rubuta "chanou" a maimakon "shanu", "djiya" a maimakon "jiya", yadda makarantar Faransanci ta saba mana. Wata ta sa fuskar dariya a ƙarshe. Ta ƙamus kuma tana gefe tsaf da ita, ba kuskure ko ɗaya. In ka jera su a haka, ko yaro ya gano ta gaskiya, kuma kowa ya san wa ya rubuta wacce. Aikin alƙali shi ne ya ɗinka musu anko, duk su fito da kaya iri ɗaya har ba a bambanta amarya da ƙawayenta.

Ya fara da rubutu. Duk a mayar da su ƙa'ida ɗaya, a cire fuskokin dariya, a cire kalmar Faransanci ko ta Fulatanci da ta saba fita a bakin wani, a sa ta Hausa. Ya kwafe da hannunsa, kada ya tura saƙon mutum yadda ya zo. Sannan tsawo: kowacce layi ɗaya ko biyu. Mai dogon bayani a rage masa, amma a mayar masa da gyaran ya gani ya amince, domin wani lokaci ɗan abin da ka yanke shi ne ƙugiyar da ya ɗana.

Sai ta gaskiyar, wadda ita ce ta fi buƙatar gyara. Ƙamus na da ɗabi'unsa: gajerce-gajerce, alamar jinsi, jam'i, misali a jimla. Duk a cire. In daga Bargery aka fassaro, a karanta da ƙarfi a ji ko Turanci na wari a ƙarƙashi, a sake faɗinta yadda mutum zai yi wa ƙaninsa bayani. Amma kada a ƙara mata abin da littafin bai faɗa ba, kuma kada a ɓata ta da gangan don a ɓoye ta. Alƙalin da ya karkatar da ma'ana don kada a gano, ya ci amanar zaure.

Farkon jimloli ma abin lura ne. In shida sun fara da "Wani irin" ta gaskiya kaɗai ta fara daban, ta tonu. Ka bambanta su duka, ko ka daidaita su duka.

In biyu sun yi kama sosai, a haɗe su wuri ɗaya, duk ƙuri'ar da ta faɗa kanta masu ita biyun kowa ya samu. In wani ya ƙago abin da ya faɗa kusa da gaskiya bisa sa'a, a haɗe tasa da ta ƙamus, a gaya masa a gefe ya zauna wannan zaɓen, a ba shi maki 2 na sa'arsa.

Daga nan a cakuɗa. Kada ka yarda da kanka wajen jerawa, don kusan kowane sabon alƙali tsakiya yake cusa ta gaskiya, yana jin tsoron farko da ƙarshe, 'yan wasa kuma ba sa daɗewa su gane. Rubuta lambobi a guntayen takarda, zuba a hula, ka sa yaro ya ɗebo. In ta faɗo ta ɗaya, bar ta a ta ɗaya. Ka ajiye takardar da ke nuna lamba kaza ta wane ce a littafi, ba a wayar da kowa ke ara ba.

Zaɓe

A tura jerin a saƙo ɗaya, a maƙala shi a saman zaure. In ba ku wuce 8 ba kowa ƙuri'a ɗaya. In kun fi haka a ba kowa biyu, yadda 'yan Dixonary ke yi, don makin ya yaɗu. Ba a zaɓen ta kai.

WhatsApp na da wurin jefa ƙuri'a tun 2022, yana ɗaukar zaɓi har 12, amma yana nuna inda kowa ya jefa tun ana cikin yi. Da an ga malamin Hausa ya dangwala lamba 4, sai a bi shi rututu. Na Telegram ana iya ɓoye sunaye, sai dai in an ɓoye alƙali ma ba zai san wa ya gano ba, maki ba zai ƙirgu ba. Saboda haka hanyar da ta fi ita ce mafi tsufa: kowa ya aika lambarsa ga alƙali a keɓe. Hira a zaure kuwa a bar ta a buɗe. Mutum na da damar ya ce "kai, lamba 3 ɗin nan ta yi mini kama da gaskiya" alhali shi ya rubuta ta. Wannan cikin wasa ne. Abin da aka hana shi ne ya ce "lamba kaza tawa ce", ko wanda ya san kalmar ya yi wa wani ƙyafce.

Ƙidayar maki, da misali

Duk ƙuri'ar da ta faɗa kan ƙaryarka, maki 1. In ka gano ta gaskiya, maki 2. In ba wanda ya gano, jama'a su ba alƙali gari kamar a kacici-kacici, ya tafi da maki 3. Wanda ya fi maki shi ne alƙalin zagaye na gaba.

A ce mutum 6 ke wasa, kalmar kuma makuba ce, jerin ya fito haka:

1. Ƙaramar ƙofa da ake bari a bayan garke don fitar da maruƙa.
2. Ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafa wa gini ko daɓe don ya yi ƙarfi.
3. Kuɗin da ake ba dillali idan ciniki ya watse bayan an sallama.
4. Tsummar da maƙeri ke naɗawa a hannu kafin ya kama awartaki.
5. Cutar da ke kama kofaton jaki da damina.
6. Igiyar da masunta ke ɗaure bakin koma da ita.
7. Ɗakin da ake ajiye makullan gidan sarki.

Ta 2 ce ta ƙamus. Ta 1 ta direba ce, 3 mai shago, 4 tela, 5 ma'aikaciyar asibiti, 6 ɗalibi, 7 malama. Direba da ɗalibi da mai shago duk suka faɗa ta 7, saboda sun ji "kuba", wato makulli, a ciki, sun kuma san ma a farkon kalma kan nuna wuri, kamar makaranta da majema. Malama ta zaɓi 3, ma'aikaciyar asibiti ta zaɓi 4, tela kaɗai ya tuna kakarsa na jiƙa ɓawon ɗorawa in za a yi daɓe, ya zaɓi 2. Malama ta tashi da 3. Tela na da 2 na ganowa da 1 na wadda ya ruɗa, shi ma 3. Mai shago 1, sauran ba ko ɗaya. In an yi kunnen doki irin wannan, a ba wanda makinsa ya fi fitowa daga ruɗin mutane, wato malama ce alƙaliyar gobe.

Wajen bayyana sakamako kada alƙali ya zubar gaba ɗaya. Ya fara da waɗanda ba su sami ƙuri'a ba, ya faɗi mai kowacce, ya zo kan wadda ta kwashi mutane ya jero sunayensu, ta gaskiya ta zo ƙarshe da hoton shafin ƙamus. A nan ne ake tsiya. In Bafulatani ya faɗa ramin Babarbare, ku bar su su yi abinsu na abokan wasa, kwana biyu ba za a ji ƙarshenta ba.

Yadda ake ƙaga wadda za ta ci

Sabon ɗan wasa yakan nemi ba da dariya. Za a yi dariyar, ba za a zaɓe shi ba. Ma'anar da ke ci ita ce mai sanyi, wadda ba ta neman burge kowa, mai ɗauke da ƙaramin bayani guda ɗaya da ba wanda zai zaci an zauna an ƙago shi. Dubi ta 3 a misalin can. "Kuɗin dillali" kaɗai ba ta da ƙugiya. "Idan ciniki ya watse bayan an sallama" shi ne ya sa mai karatu ya ce lalle abu irin wannan ya kamata a ce yana da suna. Bayani ɗaya ya isa. In ka ƙara na biyu da na uku, ka ce a kasuwar shanu, ranar Laraba, sai ta koma labari, ƙamus kuwa ba ya ba da labari.

Ka yi amfani da ginin kalmar, amma da hankali. Ma a farko da i a ƙarshe kan ba da kayan aiki, kamar mabuɗi da matsefi. Ma da a kan ba da wuri. Mai ƙarewa da ayya kan nuna abin da ake yi wa juna, kamar soyayya da ƙiyayya. Dabarar malama ta "kuba" tana ci a makonnin farko, daga baya jama'a su farga cewa alƙali ba zai kawo kalmar da ke fassara kanta ba, sai su riƙa gudun duk ma'anar da ta yi daidai da sautin. A lokacin ne za ka koma ƙago abin da ba ruwansa da sautin sam.

Kada ka tsaya a sana'arka. In tela kullum zare da allura yake kawowa, an gane shi ko alƙali ya gyara rubutun. Ya ari bakin mahauci yau, gobe na masunci. Kuma ka san abin da kake faɗa: in ka ce cutar raƙumi ce ka kawo alamar da raƙumi ba ya yi, akwai wanda ya yi kiwo a zauren.

Wajen zaɓe kuwa, ka fi zargin wadda ta yi kyau da yawa. Ta gaskiya sau da yawa takan zo a karkace, da wani bayani da ba ka ga dalilinsa ba, don rayuwar mutanen da ce ta haife ta, ba wanda ya tsara ta don ta shiga kunnenka. Ka kuma tambayi kanka: alƙalin nan, da halinsa da na sani, wace ma'ana ce zai gani a littafi ya ce wannan ta isa a kawo?

Maganar leƙe

Ƙamus ɗin da alƙali ya duba yana cikin wayar kowa, ba kuma yadda za a yi a tsare mutum. Wasan amana ne, a faɗi haka ƙarara a dokokin da aka maƙala: daga fitar kalma har bayyana sakamako ba duba ƙamus, ba bincike a intanet, ba tambayar Inna ko Kaka. Na ƙarshen nan ya fi faruwa, kuma masu yi ba sa ɗaukarsa leƙe. Mutum na cin tuwo ya ce "Inna, wai mene ne taskira?" Leƙe ne. In ka ji amsar ba da niyya ba, ka gaya wa alƙali ka zauna zaɓen.

Abin da ke rage kwaɗayin shi ne kada a sa komai a kan maki. Ba kuɗi, ba katin waya, ko sefa 100. Da an sa ya zama caca, kuma leƙe ya zama riba. Tsarin makin ma na taimakawa, tunda mai leƙe 2 kawai zai samu, gwanin ƙaga kuwa yana iya kwasar 4 ko 5 a zagaye ɗaya. In wani yana gano ta gaskiya zagaye bayan zagaye ba ya kuskure, kada a tozarta shi a zaure. Wanda ya buɗe zauren ya kira shi a gefe, ko a riƙa ba shi alƙalanci akai-akai tunda yana son buɗe littafi.

In wasan ya fara sanyi

Alƙalin da ya yi shiru ya wuce lokaci da kwana ɗaya, na biye da shi a maki ya karɓa, ba sai an yi taro ba. Wanda ya aiko ma'ana bai yi zaɓe ba, a riƙe makinsa na wannan zagayen, don akwai masu ɗana tarko su ƙi taka na wasu. A riƙa share allon maki duk ƙarshen wata kowa ya koma sifili, in ba haka ba wanda ya shigo daga baya ba zai taɓa kamo na gaba ba, sai ya zame. Da azumi a mayar da rufewa bayan Tarawihi, ko a ɗaga wasan sai bayan sallah.

Bayan wasu watanni za ku ga kalmomin Hausa masu sauƙin tonowa sun ragu, ko dattawan zaure sun hana kowace kalma rayuwa. Sai ku juya abin da ya kasance matsala ya zama hanya. A yi zagayen Fulatanci da ƙamus ɗin Dominique Noye na 1989, wanda aka gina kan Fulatancin yankin Marwa, ko zagayen Larabcin Cadi da na Patrice Jullien de Pommerol na 1999. Kalmar ta zo da wancan harshen, ma'anoni duka a rubuta su da Hausa. Bayanin littattafan biyu da Faransanci yake, wanda ya fi mana sauƙin fassarawa a kan Ingilishin Bargery. Sharaɗin dai shi ne alƙali ya faɗi harshen tun a sanarwa, kuma ya ba da ƙarin awanni na "na san ta", domin a Marwa masu kashe kalmar Fulatanci sun fi masu kashe ta Hausa yawa.